Tun Yana Ɗanye: Tarihin Binciken Kula da Matasa a Farkon Taɓin Hankali

Tsakanin shekarar 2010 da 2012, wasu masu bincike a Amurka sun tattara marasa lafiya 404 daga asibitoci 34 a jihohi 21. Yawancinsu matasa ne 'yan shekara 23 ko kusa da haka, kuma dukkansu karon farko kenan da suka gamu da ciwon da likitoci ke kira saikosis. Da aka lissafa tsawon lokacin da kowannensu ya ɗauka yana fama da alamomin kafin a fara yi masa magani, sai aka tarar rabinsu sun haura mako 74. Wato shekara ɗaya da wata biyar mutum yana jin muryoyi, ko yana cikin tsoron ana farautarsa, ba tare da an fara ba shi magani ba. Wannan fa a Amurka ne, ba a wani ƙauye da babu asibiti ba.

Ga wanda bai saba da kalmar ba, saikosis shi ne yanayin da mutum yake rabuwa da zahiri. Yakan ji muryoyi suna masa magana alhali babu kowa, ko ya ga abin da wasu ba sa gani, ko ya ƙudurce wani abu a ransa wanda babu hujjar da za ta kankare shi, kamar a ce 'yan gidansu na zuba masa guba a abinci, ko kuma mai magana a rediyo da shi yake yi. Wani kuma maganarsa ce take wargajewa, ba kai ba gindi. Abubuwa da dama ne ke kawo shi: cutar sikizofireniya, ciwon baifola mai hawa da sauka, shan wiwi da wasu ƙwayoyi, wani lokaci ma ciwon da ya taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye. A Hausance dai duk mukan haɗa su mu ce taɓin hankali. Babban tashin hankalin shi ne lokacin da yake zuwa: galibi daga ƙarshen shekarun balaga zuwa wajen shekara 30, daidai lokacin da mutum ke ƙoƙarin gama makaranta, ko koyon sana'a, ko neman aure.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kimanin shekara 40 kenan masu bincike suna gwada ko wannan karin maganar ta hau kan saikosis. Idan aka tari ciwon da wuri, shin makomar mutum gaba ɗaya za ta sauya, ko kuwa sauƙi ne na ɗan lokaci? Bari mu bi tarihin daki-daki mu ga amsar da aka samu.

Hukuncin da aka yanke a Jamus

A ƙarshen ƙarni na 19, wani likitan Jamus mai suna Emil Kraepelin, wanda ke aiki a Heidelberg, ya riƙa buɗe wa kowane maras lafiya kati yana rubuta yadda ciwonsa ke tafiya shekara da shekaru. A bugu na 6 na littafinsa, a 1899, ya raba manyan cututtukan hankali gida biyu. Ɗaya mai zuwa ya tafi, ɗayan kuma ya kira shi dementia praecox, ma'ana lalacewar hankali tun da ƙuruciya. A ganinsa, yawancin masu wannan na biyun sai dai su yi ta taɓarɓarewa. A 1908 Eugen Bleuler na ƙasar Suwizalan ya sauya sunan zuwa sikizofireniya, ya kuma nuna ba kowa ne ke lalacewa ba, amma hukuncin Kraepelin ya riga ya zauna a zukatan likitoci.

To, in har ka yarda ciwo ba ya warkewa, me zai sa ka yi gaggawa? Tun a 1927 wani likitan Amurka, Harry Stack Sullivan, ya koka cewa abokan aikinsa sun fi ganin ƙarshen ciwon a kan farkonsa, amma ba a saurare shi sosai ba. Sai a 1984 ne Patricia Cohen da Jacob Cohen suka fayyace matsalar da lissafi. Likitan da ke zaune a asibiti waɗanda ba su warke ba yake ta gani kullum, domin wanda ya samu sauƙi ya tafi harkokinsa, ba ya dawowa. Kamar dai ka tambayi bakanike ingancin wata mota ne: shi waɗanda suka lalace kawai ake kawo masa.

Da aka bi sawun marasa lafiya har gidajensu, sai hoton ya sauya. Manfred Bleuler, ɗan wancan Bleuler ɗin, ya bibiyi mutum 208 sama da shekara 20, ya tarar da yawa sun samu sauƙi sosai. A jihar Vermont ta Amurka, Courtenay Harding da abokan aikinta sun bi sawun mutum 269 da aka taɓa ɗauka sun fi kowa tsanani, bayan kimanin shekara 32, suka wallafa a 1987 cewa tsakanin rabi zuwa kashi biyu cikin uku sun warke ko sun samu sauƙi mai yawa. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bincike a birane 9, ciki har da Ibadan, inda ta ba da rahoton cewa marasa lafiyar Najeriya da Indiya sun fi na Turai samun sauƙi. Daga baya masana irin su Oye Gureje sun ja hankali cewa kada a ɗauki wannan sakamakon a matsayin doka, amma dai ya taimaka wajen rushe tunanin cewa makoma ɗaya ce ga kowa.

Magani ya samu, agogo bai dami kowa ba

A 1952, Jean Delay da Pierre Deniker na asibitin Sainte-Anne da ke Paris suka nuna cewa wani sabon magani, wanda aka sayar da sunan Largactil, yana kwantar da muryoyi da ruɗani. Daga baya aka gano yana aiki ne ta hanyar toshe ƙofofin da sinadarin dofamin ke bi a ƙwaƙwalwa. A 1955 akwai mutum kusan 559,000 a kwance a asibitocin masu taɓin hankali na gwamnati a Amurka, kuma daga nan adadin ya fara sauka.

Sai dai yadda ake karɓar matashi a karon farko bai sauya ba. Sau da yawa sai abin ya yi ƙamari 'yan sanda sun kawo shi, a kwantar da shi ɗaki ɗaya da waɗanda suka yi shekaru 20 suna jinya, a ɗura masa magani da yawa har jikinsa ya sandare, hannu na rawa, yawu na dalala. Yana kallon na kusa da shi yana ganin abin da ake cewa zai zama. Irin wannan yaron in an sallame shi, da wuya ka sake ganinsa da ƙafarsa.

Alamar farko mai ƙarfi cewa lokaci na da tasiri ta fito ne daga asibitin Northwick Park da ke Landan a 1986. Timothy Crow da Eve Johnstone da abokan aikinsu sun ɗauki mutum 120 da suka farfaɗo daga karon farko, suka raba su ta hanyar ƙuri'a: wasu su ci gaba da shan magani, wasu a ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Cikin shekara 2, ciwon ya dawo wa kashi 46 cikin 100 na masu shan magani, da kashi 62 na ɗaya ɓangaren. Amma abin da ya fi komai nuna wanda ciwon zai dawo wa shi ne tsawon lokacin da ya ɗauka kafin a fara masa magani tun farko. Ba wannan suka fita nema ba, tsintarsa suka yi a hanya.

A 1991 Richard Wyatt ya tattara nazarce-nazarce 22 ya kawo wani hasashe mai tsoratarwa, cewa wataƙila saikosis da aka bari ba magani yana cutar da ƙwaƙwalwa ne da kansa. Shekara ɗaya bayan haka, a asibitin Hillside na New York, aka auna jinkirin a mutum 70, aka samu matsakaicinsa mako 52, kuma waɗanda suka fi daɗewa sun fi jinkirin samun sauƙi.

Nan fa aka zo wurin da ke da wuya. Wataƙila jinkiri ne ke ɓata ciwon. Wataƙila kuma ciwon da ya fi muni tun asali shi ne mai shigowa a hankali, mai sa mutum ya ƙule a ɗaki ba hayaniya, don haka ba a lura da wuri. Hanyar raba gardama ita ce a yi ƙuri'a, a ce wasu a yi musu magani yau, wasu su jira shekara. Babu kwamitin ɗa'a da zai yarda da wannan, kuma da gaskiyarsa.

Gadaje 10 a Melbourne

A 1984, a asibitin Royal Park da ke Melbourne a Ostireliya, wani matashin likita mai suna Patrick McGorry da abokan aikinsa suka ware ɗaki mai gadaje 10 don masu karon farko kawai. Daga nan ne a 1992 aka kafa cibiyar EPPIC, mai kula da matasan wani yanki na birnin mai mutum kusan 800,000. Tsarin ba shi da wani sabon magani. Abin da ke cikinsa shi ne tawagar da ke zuwa ta duba matashi a gida ko a makaranta, ma'aikaci guda da ke bibiyar kowane mutum, zama da iyaye ana yi musu bayani, taimako wajen komawa karatu ko aiki, da kuma magani kaɗan-kaɗan.

Wannan batu na rage magani ya samu goyon bayan bincike. A 1991 Joseph McEvoy ya nuna cewa masu karon farko miligiram 2 ko kusa da haka na halofaridol ya ishe su a rana, kimanin rabin abin da tsofaffin majinyata ke buƙata. A shekarar 2000 kuma Shitij Kapur a Toronto ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu karon farko, ya ga cewa magani na fara aiki idan ya toshe kimanin kashi 65 cikin 100 na ƙofofin dofamin, sandarewar jiki kuma na bayyana idan aka doshi kashi 80. Ka ga kenan, duk abin da ya wuce haka wahala ce kawai ake ƙara wa yaro.

A 1996 EPPIC ta kwatanta majinyatanta 51 da wasu 51 da aka yi wa jinya kafin a kafa ta. Nata sun fi ƙarancin kwana a asibiti, sun fi ƙarancin shan magani, rayuwarsu kuma ta fi inganci. Masu suka suka ce kwatanta yau da jiya ba hujja ba ce, tunda abubuwa da yawa sun sauya a tsakani. A Birmingham ta Ingila kuma Max Birchwood ya kawo hasashen cewa yawancin ɓarnar tana faruwa ne a shekaru 2 zuwa 5 na farko, sannan ta tsaya. In haka ne, ƙoƙarin da aka zuba a waɗannan shekarun zai yi amfani har ƙarshen rayuwa. Gwamnatin Birtaniya ba ta jira hujja ba: a shekarar 2000 ta yi alƙawarin kafa tawagogi 50 irin waɗannan.

Dabarar mutanen Norway

Matsalar ƙuri'ar nan da ba ta halatta ba, mutanen Norway ne suka zagaye ta. Tunda ba a iya tsawaita jinkiri, ai ana iya gajarta shi a wani yanki a bar wani yadda yake. Daga 1997 zuwa 2000, a binciken da ake kira TIPS, aka cika yankin Rogaland da sanarwa: jaridu, rediyo, gidajen sinima, ƙasidu zuwa gidaje, horo ga malaman makaranta da likitocin unguwa. Aka ba da lambar waya da kowa zai iya kira, uwa ce ko malami ko aboki, kuma tawaga za ta duba mutum cikin awa 24. A wani yanki na Oslo da kuma Roskilde ta Denmark ba a yi wannan ba, amma maganin da ake bayarwa iri ɗaya ne a ko'ina.

Mutum 281 ne suka shiga. A yankin sanarwa, rabin majinyata sun fara magani cikin mako 5. A ɗaya ɓangaren mako 16 ne. Na farkon sun iso da alamomi marasa tsanani, da ƙarancin tunanin kashe kai. Bayan shekara 10, kusan kashi 31 cikin 100 na waɗanda aka samu bibiya a yankin sanarwa sun warke har suna aiki da hulɗa da mutane, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 15. Akwai kuma wani darasi da ya zo daga baya: da aka dakatar da sanarwar aka bar tawagar kawai, jinkirin ya koma mako 15. Ashe buɗe ofis bai isa ba, sai mutane sun san abin da za su lura da shi.

Har yau TIPS na cikin manyan hujjojin da ke nuna rage jinkiri na da amfani mai ɗorewa. Amma ba ƙuri'a aka yi ba, yankuna aka kwatanta, kuma wasu wuraren da suka gwada irin wannan sanarwar ba su iya rage jinkirin ba. A 2020 ma wani nazari na shekara 20 a jihar New York ya kawo wata fassarar: wataƙila wanda aka gano a makare ya riga ya yi nisa ne kawai a kan hanya ɗaya, don haka sai a ga kamar jinkirin ne ya ɓata shi. Muhawarar ba ta ƙare ba.

Da aka yi ƙuri'a

Abin da ake iya yi wa ƙuri'a shi ne irin kulawar. A Denmark, Merete Nordentoft ta jagoranci gwajin OPUS a Copenhagen da Aarhus, inda tsakanin 1998 da 2000 aka raba mutum 547 gida biyu. Rabi suka samu kulawa ta musamman ta shekara 2: ma'aikaci ɗaya na riƙe da mutum 10 kacal, yana zuwa gida, ana tara iyalai suna tattaunawa, ana koyar da dabarun zama da mutane. Sauran suka bi tsarin asibiti na kullum. Bayan shekara 2, na farkon sun fi samun sauƙin alamomi, sun rage shaye-shaye, sun fi tsayawa a kan magani, iyalansu kuma sun fi samun sauƙin nauyi. Gwajin LEO a unguwar Lambeth ta Landan, mai mutum 144, ya samu kusan haka a 2004.

Sai aka koma bayan shekara 5, wato shekara 3 da mayar da kowa tsarin kullum. Bambancin alamomin ya ɓace. Abin da ya rage shi ne 'yan OPUS sun fi ƙarancin kwanakin asibiti, kuma kashi 4 cikin 100 ne kawai ke zaune a gidajen kulawa, ɗaya ɓangaren kashi 10. Bayan shekara 20, a rahoton 2023, babu wani bambanci na a zo a gani. Na Landan ma ya dushe bayan 'yan shekaru.

Wannan ya girgiza hasashen Birchwood. Icen da aka tanƙwara, da aka sake shi sai ya miƙe. Sai aka ce to a tsawaita kulawar mana. A Denmark aka gwada shekara 5 maimakon 2 a mutum 400, bambancin bai taka kara ya karya ba, sai dai majinyata sun fi gamsuwa. A Montreal ta Kanada, a mutum 220, tsawaitawar ta sa sauƙin ya fi daɗewa. A Hong Kong ƙarin shekara ɗaya ya inganta aiki da hulɗa, amma shi ma ya ragu bayan an daina.

Binciken Amurka da muka fara da shi, RAISE, ya fito a 2016. Matasan da suka samu kulawar haɗin gwiwa sun fi daɗewa a kan jinya, rayuwarsu ta fi inganci, sun fi komawa aiki ko makaranta. Kuma amfanin ya fi yawa nesa ba kusa ba ga waɗanda jinkirinsu bai kai mako 74 ɗin nan ba. A 2018 aka haɗa gwaje-gwajen ƙuri'a 10 masu mutum 2,176, aka ga kulawar musamman ta fi ta kullum a duk ma'aunin da aka duba, har zuwa shekara 2.

Akwai kuma ma'aunin da ba a maido shi in an rasa. Kimanin mutum 1 cikin 20 masu sikizofireniya ne ke mutuwa ta hanyar kashe kai, kuma haɗarin ya fi yawa a shekarun farko. A Hong Kong an bibiyi mutum 617 da suka shiga shirin kulawar farko da wasu 617 da suka gabace su, tsawon shekara 12. Kashi 4.4 cikin 100 ne suka mutu ta wannan hanyar a rukunin farko, a na biyu kuwa 7.5.

Mafarkin rigakafi

Wasu sun so su ƙara matsawa baya. A Mannheim ta Jamus, Heinz Häfner ya nuna cewa kusan kashi uku cikin huɗu na majinyata sun yi kimanin shekara 5 suna nuna ƙananan alamu kafin ciwon ya bayyana sarai: janyewa daga mutane, damuwa, rashin barci, karatu ya ja baya. A 1994 Alison Yung da McGorry suka buɗe asibitin PACE don matasan da ke kan gaɓa. Cikin mutum 49 na farko-farko, kusan kashi 41 cikin 100 sun faɗa saikosis cikin shekara ɗaya. Sai fata ya tashi cewa za a iya tare ciwon kafin ya shigo.

A 2002 aka gwada ɗan ƙaramin magani haɗe da shawarwarin gyara tunani a mutum 59. Bayan wata 6, mutum 3 cikin 31 ne suka kamu, a ɗaya ɓangaren 10 cikin 28, amma bayan shekara tazarar ta ragu har ba a iya dogara da ita. A Amurka da Kanada aka gwada maganin olanzafin a mutum 60, masu shansa suka ƙara kusan kilo 9 cikin shekara, alhali yawancinsu ko ba magani ba za su kamu ba. A 2010 wani gwaji a Vienna ya ba kowa mamaki: man kifi na mako 12, sai mutum 2 cikin 41 suka kamu, a ɗaya ɓangaren 11 cikin 40. Da aka maimaita a mutum 304 a ƙasashe da dama, sakamakon 2017 ya nuna babu bambanci. Wannan darasi ne da ya kamata mai karatu ya riƙe duk lokacin da ya ga labarin "an gano magani": ƙaramin gwaji yakan yi ƙarya ba da niyya ba.

Nazarce-nazarcen baya-bayan nan sun nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na waɗannan matasan ke kamuwa cikin shekara 3. Don haka a 2013 kundin cututtukan hankali na likitocin Amurka bai sa wannan yanayin cikin jerin tabbatattun cututtuka ba, ya ajiye shi a sashen abubuwan da ke buƙatar ƙarin bincike. A yau shawarar da aka fi bayarwa ita ce a kula da irin waɗannan matasan ta hanyar tattaunawa da bibiya, kada a gaggauta ba su maganin saikosis.

Sai yaushe za a daina shan magani?

Ita ce tambayar da kusan kowane matashi ke yi da zarar ya samu sauƙi. A Holan, Lex Wunderink ya raba mutum 128: wasu a rage musu magani a hankali, wasu su ci gaba. Cikin wata 18 ciwon ya dawo wa kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka rage wa, da kashi 21 na sauran. Amma bayan shekara 7, kashi 40 na waɗanda aka rage wa ne suka warke har suna tafiyar da rayuwarsu, sauran kuwa kashi 18. A Hong Kong sakamakon ya juya: cikin mutum 178, ciwon ya dawo wa kashi 79 na waɗanda aka cire wa magani cikin shekara ɗaya, da kashi 41 na masu ci gaba, kuma bayan shekara 10 waɗanda aka cire wa ne suka fi shan wahala. Abin da duka biyun suka haɗu a kai shi ne daina magani na ƙara haɗarin dawowar ciwo. Ragewa kuwa, in za a yi, aiki ne na likita da majinyaci tare, a hankali, da sa ido.

Me ya rage a hannu, mu kuma ina muke?

In aka tace wannan tarihin, babban alƙawarin da aka fara da shi, cewa shekara 2 na kulawa za su gyara sauran rayuwa, bai tabbata ba. Rigakafin ma har yanzu ana nema. Abin da ya tabbata shi ne ana iya rage jinkiri daga watanni zuwa makonni, kulawa mai kyau tana aiki muddin ana yin ta, kuma wanda ya zo da wuri ya fi cin moriyarta. Ba a cewa maganin hawan jini ya gaza don jini ya hau bayan an daina sha. Sannan shekara 2 a rayuwar ɗan shekara 20 su ne bambancin gama digiri da barinsa. Shi ya sa tun 2016 Ingila ta kafa ƙa'idar cewa a fara kula da mafi yawan masu karon farko cikin mako 2 da tura su.

Wani abin lura shi ne yawancin sinadaran wannan tsarin ba baƙi ba ne a Najeriya. Tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta, inda majinyaci ke zama a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Matsalarmu ita ce hanyar da ake bi kafin a iso. Likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, kuma iyalai da yawa sukan fara ne da mai maganin gargajiya ko gidan addu'a, wani lokaci har da mari a ƙafa. Oye Gureje ya ɗauki wannan a matsayin abin da za a yi aiki da shi. A gwajin COSIMPO da aka yi a Ibadan da Kumasi ta Ghana, wanda ya fito a 2020, an haɗa ma'aikatan asibitocin matakin farko da masu maganin gargajiya da na addu'a suna duba majinyata tare. Cikin mutum 307, waɗanda suka samu kulawar haɗin gwiwa sun fi samun sauƙi sosai bayan wata 6, ɗaure mutane kuma ya ragu a ɓangarorin biyu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Darasin Norway ya fi kowanne saukin ɗauka, domin a can iyaye da malamai da abokai ne suka rage jinkirin, da suka san abin da suke gani. Idan ƙaninka ko ɗalibarka ta fara ƙulewa a ɗaki, barci ya ƙaurace, tana magana ita kaɗai ko tana zargin na kusa da ita ba dalili, kada a jira sai ta fara dukan mutane. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa. In aka je, a faɗa wa likita watan da aka fara ganin canjin, a tambaye shi illolin maganin da ya rubuta, kuma a koma ranar da ya ce a koma ko da an ga sauƙi.